Waƙar da Na Yi Don Hana Tafiya Libiya

Allah Ya ba ni murya, bai ba ni ƙarfin dantse ba, kuma ban taɓa ƙorafi da wannan rabo ba. Na yi karatu a Damagaram wajen wani malami abokin mahaifinmu, na komo ƙauyenmu na kusa da Gangara da gafaka cike da littattafai da hannun ajami wanda mutane ke yabawa. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Allah Ya jiƙansa. A gidan akwai Inna, da matata, da ƙanena autanmu, wanda gonar gida take a wuyansa. Shi ne mai noma, ni ne mai addu'ar Allah Ya sa wa noman albarka. Da haka muke zaune, kuma ni dai a ganina rabon aikin ya yi daidai.

Ci-rani ba baƙon abu ba ne a Damargu. Tun muna yara, in gero ya shiga rumbu maza kan gangara Kano ko Katsina, su yi ga-ruwa ko dako, su komo kafin ruwan shuka. Ba wanda ke kuka don an tafi Kano. Bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi ne aka fara jin sunan Libiya a bakin samari. Wanda ya tafi can ruwan shuka ba ya maido shi. Sai an yi damina biyu ko uku a gan shi ya sauko daga mota da rediyo mai kaset, da bargo mai taushi, da agogo a hannu, yana cewa ya yi kiwo ko aikin lambu wajen Larabawa. Wasu kuwa ba a sake ganinsu ba, ba a san ko a yi musu sadaka ko a ci gaba da jira ba.

Hukuma ita ma ba ta tsaya wuri guda ba a kan maganar. Wata shekara a ce mutanen can ƴan'uwanmu ne, jandarma su ɗaga shinge mota ta wuce. Wata shekara a ce an ɓata da su, duk wanda aka kama a hanya a sauke shi. Mu na ƙauye ba mu san abin da ke haɗa manya ko raba su ba. Muna ganewa ne daga inda manyan motoci ke ɗaukar mutane: in ana shiri, a tashar Tanut, in ba a shiri, a bayan tudu, inda idon jandarma ba ya kaiwa ko ba ya son kaiwa.

A farkon wata damina, cikin shekarun mulkin soja, kwamandan Tanut ya tara masu gari da malamai da shugabannin samariya, ƙungiyar matasa ta hukuma. Na raka maigarinmu don in riƙe masa sanda da buta. Kwamandan yana jin Hausa sarai, amma ya yi maganarsa da Faransanci, tafinta yana juyawa. Ya ce ƙasa tana bukatar hannuwan ƴaƴanta a gona, ya ce an samu labarin ana sa wasu yaranmu aikin soja a can, ya ce daga yau ba mai fita sai da takardar izini daga biro, wato ofishinsa. Wannan takarda ban taɓa ganin wanda ya same ta ba. Kullum mai sa hannu ya tafi Damagaram. Wani tsohon maigari daga wajen Tarka ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun tsare su, me za mu ba su su ci da rani?" Kwamanda ya ce tambaya ce mai kyau, za a aika da ita Yamai. Ina jin har yanzu tana hanya. Aka dafa mana shayi mai kauri, kowa ya sha ya yaba, kuma ba wanda ke wurin da bai san daga wace ƙasa ganyen ya zo ba.

A ƙarshe aka ce kowane gari ya fitar da mutum guda mai faɗakar da samari. Maigarinmu, wanda ƴaƴansa biyu suna Sabha ta Libiya a lokacin, ya waiwayo ya dube ni.

"Malam, wannan aikin baki ne. Naka ne."

"Ranka ya daɗe, ni ko Agadas ban taɓa zuwa ba."

"Shi ya sa. Wanda ya je ba zai iya hanawa ba."

Na karɓa ina nuna kamar an tilasta mini, amma a hanyar komawa sai da na gyara zaman rawanina.

Da na so in ɗauki abin da wasa, Inna ce ta hana. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana da saƙo, sai ta gaya wa matata da ƙarfi alhali ina zaune a wurin. Ran nan tana tsince wake a faifai ta ce, "A gaya wa wannan na ɗakin littattafai, tun da aka haife shi ban roƙe shi komai ba. Auta ya fara zama wajen masu rediyo. In hukuma ta ba shi aikin tsare ƴaƴan mutane, ya fara da na cikin gidansu. Ni ba zan binne miji in zauna jiran labarin ɗa ba."

Matata ta juyo ta ce, "Malam, Inna ta ce…"

Na ce, "Na ji."

Saboda haka duk abin da na yi daga baya, sunan hukuma ne a kai, amma auta nake nufi.

Na yi tunani na ga wa'azin baki kawai ba zai kama samari ba; ana idar da salla za su sulale. Waƙa ce ke zama a kai. Malaminmu na Damagaram ya koya mana cewa waƙar wa'azi ba ta tsoratarwa da dunƙulalliyar magana. In za ka yi wa mutum gargaɗin lahira, ba ka cewa akwai wahala ka yi shiru. Kana bi da shi zango zango: ga fitar rai, ga kabari, ga tambaya, ga tsayuwa, kowane wuri da abin da ke cikinsa, har mai saurare ya ji kamar ƙafarsa na takawa. Na ce haka zan yi wa hanyar Libiya.

Sai dai ban san hanyar ba. Wanda ya santa a garinmu taubashina ne, ɗan gwaggona, wanda ya je sau biyu ya dawo da haƙorin gaba guda a karye da labari cike da baki. Tsakanina da shi wasa ne tun na yarinta, ba ya kirana sai bawansa. Na same shi yana gyaran sirdin jaki.

"A'a, bawana malamin inuwa! An ce an naɗa ka sarkin hana tafiya. Ina tamburan?"

"Bar shiririta. Hanya nake so ka ba ni, tun daga bayan tudu har inda ake sauka."

"Kai ma za ka? Wa zai ɗauke ka aiki? Ko tumakin Larabawa za ka koya wa baƙi da wasali?"

"Wahalar nake so. Kada ka rage komai."

Bai rage ba. Muka yi kwanaki ina zuwa bayan la'asar da tawada da alƙalami, yana faɗi ina rubutawa. Ya gaya mini yadda ake jiran mota a Agadas, da unguwar da ƴan Damargu ke sauka. Ya gaya mini yadda ake hawa saman kaya a riƙe sanda tsakanin ƙafafu don kada mutum ya faɗo in barci ya ɗauke shi. Ya ce bidon ruwa, wato jarka, in ba a ɗinke shi cikin buhu ana jiƙawa ba, da tsakar rana ruwan sai ya ƙona harshe. Ya ce guzuri ba fura ba ce, tana tsami. Garin gero soyayye da dabino da ƙuli-ƙuli su ne ke kai mutum. Ya faɗi inda soja ke sauke mutane su bincike kaya, da abin da suke tambaya, da irin amsar da ke sa a tsare mutum. Ya faɗi rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa duk abin da ya faɗa sai in ce, "Madalla, wannan zai razana su."

Kafin gero ya fid da kai waƙa ta kammalu, doguwa, duk ƙarshen baitocinta a kan "wa", da amshi mai sauƙi: Zauna gida, ya ɗan'uwa. Har yau ina tuna wani baiti da nake ji da shi:

Bayan Agadas ba gari, ba inuwa,
Bidon da ba rigar buhu ba ya shawuwa.

Na fara rerawa a dandalin samariya ranar wata Juma'a da yamma. Ban taɓa ganin samari sun natsu haka ba. Ba mai tari, ba mai taɓa na kusa da shi. Da na gama suka ce a sake. Wani ya ce, "Malam, wajen binciken sojan nan ka yi sauri, ba mu kama ba." Na koma na rera a hankali, ina kallon fuskokinsu ina cewa a raina tsoro ya shiga. Auta yana sahun gaba. Shi da bai taɓa haddace komai ba sai da bulala, cikin ƴan kwanaki ya riƙe waƙar daga farko har ƙarshe, yana noma yana rerawa. Na shiga gida na ce wa matata da ƙarfi, don Inna ta ji, "Yaron nan ya shiryu."

Labari ya bazu. Aka gayyace ni kasuwar Gangara, aka gayyace ni Belbeji. Wani mai rediyo ya ɗauki muryata a kaset, kaset ɗin ya haifi wasu. Wani ma'aikaci daga biron kwamanda ya zo ya saurara, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce da kowane gari yana da irina da an huta. Samari kan biyo ni har gida da tambaya. "Malam, a Dirku kwana nawa ake yi?" "Malam, wane wata ne iska ta fi sauƙi?" In ban sani ba sai in koma wajen taubashina in tambayo, in ƙara baiti. Ina ta godiya ga Allah da Ya sa wa matasanmu son ilimi.

Da kaka ta yi, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, sai matata ta ce buhu ya yi wuya a gari, ta nemi na zuba wake ta rasa. Ban kawo komai a raina ba. Ina wucewa ta bayan shingayen mutane ina jin ƙamshin suyar gero gida bayan gida, na ce bana mata sun ƙirƙiro sabon marmari.

Wata safiya taubashina ya zo ƙofar gidanmu, kuma ran nan bai yi dariya ba. Wannan ne ya fara tayar mini da hankali.

"Bawana, zo nan. Jiya na zauna na ji waƙarka tun daga bisimilla har amin. Da ma guntu-guntu nake ji. Wa ya ce maka rijiyar kanwa ce ke fara zuwa?"

Na gane wurin da yake nufi. A cikin labarinsa akwai rijiyoyi biyu a wani dogon zango: ta farko ruwanta garai, ta biyu ruwan kanwa ne mai sa gudawa, daga ita kuma sai tafiya mai nisa ba ɗigon ruwa. Da na zo tsarawa, baitin ya ƙi zama a kan "wa" in na bi su yadda suke. Sai na juya su, na sa ta kanwa a gaba, mai daɗi a baya, baiti ya zauna daram. Kowane mai tsara waƙa yana irin wannan.

Na ce, "To mene ne? Gaba ko baya, duk ƙishirwa ce. Tsoratarwa nake yi, ba ja-gora ba."

Ya dube ni kamar yadda ake duban jakin da ya shiga masallaci.

"Kai kaɗai ne a Damargu ba ka san ja-gora kake yi ba. Shiga rumbunku na baya ka ga abin da ke rataye. Mu da muka tafi da can, a makance muka tafi. Waɗannan kuwa malam guda ya zauna ya jera musu hanya, da amshi, don kada su manta. Ko direbobi sun fara neman kaset ɗinka."

Na ce, "Amma amshin yana cewa zauna gida."

"Amshin ne wurin da suke shan numfashi."

Sannan ya yi mini bayanin abin da ya kawo shi. A bakin rijiya direba ba ya daɗewa, guga ɗaya ce, mutane cike da mota, kokawa ake yi. Wanda ya san babu ruwan kirki a gaba zai kutsa ya cika duk abin da yake da shi ko da za a fasa masa baki. Nan shi ya bar haƙorinsa. Wanda kuwa ya haddace cewa mai daɗi tana gaba, zai ja gefe ya ce bari masu haɗama su gama, ni na cika a ta biyu. Ya isa ta biyu ya tarar da kanwa.

"Ayarin farko bayan kasuwa mai zuwa za su tashi," in ji shi. "Da autanku a ciki. Ka gyara, ko ka bari su tafi da baitinka mai daɗi."

Na je rumbun baya. Ga bido biyu a rataye, kowanne an ɗinke shi tsaf cikin buhu, ɗinkin kuma na san hannun da ya yi shi, don irinsa ne a bakin tabarmar sallata. Inna ce. Tana ce mini in tsare shi, tana ɗinka masa abin ruwa a ɓoye, don gudun kada in kasa.

Na zauna a gindin rumbun na daɗe. In na gyara baitin a bainar jama'a, na yarda ke nan cewa waƙar hana tafiya ta zama ta tafiya, kuma ni na hukuma ne a wannan aiki, kwamanda na iya kirana. In na yi shiru, rawanina yana nan daram, yaran mutane kuma suna saman mota da ƙarya a ka. Ba zan ce na yi jarumtaka ba. Abin da na hango kawai shi ne auta tsaye a gefen rijiya, ya harɗe hannu yana barin mutane su gama, don shi yaro ne mai kunya ko a wajen cin tuwo.

Na nemi gafarar Allah, na ɗauko alƙalami. Na juya baitin ta kowace fuska ya ƙi zama a kan "wa". Daga ƙarshe na bar shi yadda gaskiya ta zo da shi:

Ta farko ita ce mai daɗi, cika bidonka duka,
Ta biyu kanwa ce, kada ka dogara da ita.

Ba awo, ba daɗin ji. Da malaminmu ya gan shi da ya karɓe alƙalamin.

Na ari jakin taubashina na bi kasuwanni. Na je Gangara, na je Belbeji, na aika wa na Tarka da na Tanhiya ta bakin masu raƙuma. Duk inda na tsaya sai in rera waƙar, in na iso wurin in dakata in ce, "Jama'a, nan akwai gyara, wanda ya riƙe na da ya zubar." In maimaita sabon har sai sun amsa. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa mai hana tafiya ya damu da wace rijiya ce ke gaba. A Tanut na yi kiciɓis da ma'aikacin biron nan. Ya tsaya ya ji har ƙarshe, ya ce bai taɓa ganin mai kishin aikin faɗakarwa irina ba. Da mutane suka watse ya matso ya rage murya.

"Malam, ta farko ce mai daɗi ko? Akwai ɗan yayata a cikinsu."

Na ce masa ta farko ce.

Ana gobe za su tashi, bayan azahar, na kira auta ɗakina. Ya shigo ya durƙusa yana kallon ƙasa, yana jiran faɗa.

"Yaya, da ma zan gaya maka…"

"Bar shi. Karanto mini wajen rijiyoyi."

Ya karanto tsohon. Na ce ba shi ba. Ya karanto sabon yana tuntuɓe, ya ɗago kai.

"Yaya, wannan fa bai hau ba. Na da ya fi daɗi a baki."

"Ban tambaye ka daɗi ba. Sake."

Ya sake, ya haɗa rabin tsoho da rabin sabo. Na ce in ya isa rijiyar farko ya ajiye kunya a mota, ya shiga da gwiwar hannu kamar kowa, ko tsoho ne a gabansa ya ba shi haƙuri daga baya. Ban taɓa zaton bakina zai koya wa yaro ture manya ba. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Ashe Inna tana bayan zana tana jin mu. Na ji motsinta, ban waiwaya ba, don ban san da wace fuska zan dube ta ba. Abu guda ta roƙe ni a duniya, ga shi ina zaune ina koya wa ɗanta hanya. Matata ba ta kusa balle a bi ta kanta. Sannan Inna ta yi magana, ni take nufi, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Kai, sake maimaita masa. Kansa da tauri, sai an yi ta yi."

Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Da safe na raka shi bayan tudu, na yi musu addu'ar tafiya shi da sauran, ina tsaye da rawanin faɗakarwa a kaina, motar ta tashi suna amsa amin. Sai da aka yi wata da watanni kafin wani mai dawowa ya kawo mana labari cewa ayarin ya isa lafiya, auta yana aikin lambu kusa da Sabha, kuma ya ce a gaya wa Inna ya cika bidonsa duka biyu a rijiyar farko, an ɗan fasa masa leɓe, amma ya warke.